Abotar Da Ta Haifi Jama'a: Shehu Usmanu Da Amininsa Umaru Alkammu

  

Kwanakin baya, ana tsakiyar saran rake, na je gaisuwar mutuwa a Taba, cikin ƙasar Kudan, arewa da birnin Zariya. Wanda ya rasu wani dattijo ne mai cinikin mazarƙwaila, ba shi da sarauta, ba a kuma san shi da wata dukiya ta a zo a gani ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne masu karɓar gaisuwa. 'Ya'yansa na cikinsa ba su da yawa, amma waɗanda suka zauna a tabarmar makoki sun cika zaure har sun malalo waje: ga manoma, ga malaman makaranta, ga wani akawu da ya taso tun daga Kaduna, ga masu kantuna daga Makarfi da Ikara. Duk wanda ka yi wa ta'aziyya cikinsu sai ya amsa kamar wanda mahaifinsa ya rasu. A tsakiyarsu kuwa ga wani tsohon malami yana jan tasbaha, ba ya ce wa kowa uffan.

Da na tambaya, sai aka ce mini ai amininsa ne tun suna makarantar allo. Su biyu suka fara zama a wannan zaure bayan sallar La'asar, malamin yana buɗa littafi, ɗan kasuwan yana saurare. Yau wani ya tsaya ya ji, gobe ya zo da ƙanensa, a kwana a tashi zauren ya zama inda saurayi yake zuwa idan zai nemi aure, ko jarinsa ya karye, ko sun saɓa da mahaifinsa. Malamin ya faɗi hukunci, ɗan kasuwan ya sa hannu a aljihu, ko ya ɗauki sandarsa ya tafi bikon matar da ta yi yaji. Zauren nan ba shi da suna, ba shi da shugaba balle magatakarda, ba a taɓa karɓar kuɗin wata a cikinsa ba.

Ina kan hanyar komawa gida sai na tuna cewa abin da na gani ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Al'amari mafi girma da ya taɓa aukuwa a ƙasar Hausa ma ta wannan hanya ya fara, watau Jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa. Mun saba idan an ambaci Shehu sai hankalinmu ya tafi ga tuta da yaƙi da daula. Muna mantawa da cewa yaƙin bai fara ba sai a 1804, alhali Shehu ya fara kiran mutane tun wajen 1774, yana ɗan shekara 20. Shekara 30 ke nan tsakani. A cikin waɗannan shekaru ba abin da ake yi sai karatu da wa'azi da renon mazaje, kuma wannan shi ne abin da nake so mu duba a wannan mako, ta hanyar wani mutum da ba kasafai ake ambatonsa ba.

An haifi Shehu a Maratta, cikin Jamhuriyar Nijar ta yanzu, a shekarar 1754, ya tashi a Degel ta ƙasar Gobir. Shi kansa renon manya ne. Ya karanta Alƙur'ani a wurin mahaifinsa, Malam Muhammadu Fodiyo. Sa'an nan ya lizimci wani malami cikin danginsa, Usmanu Binduri, kusan shekara biyu, ba don karatu kaɗai ba, har ma don ya ga yadda mutumin yake zama da yadda yake tashi, da yadda yake umurni da kyakkyawa yana hani ga mummuna, har halin malamin ya zama nasa. Daga baya ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas. Abin da aka yi masa kuwa shi ya yi wa na bayansa, domin ƙanensa Abdullahi, wanda Shehu ya girma da shekara 12, ya faɗa da kansa cewa yana ɗan shekara 13, bayan ya sauke Alƙur'ani, mahaifinsu ya danƙa shi a hannun Shehu.

To, Abdullahi ɗan'uwa ne, jini ɗaya. Amma akwai wani wanda abota ce ta kawo shi, shi ne Malam Umaru Alkammu. Masu tarihi sun ambace shi da cewa shi ne babban aminin Shehu, kuma yana cikin farkon waɗanda suka bi shi. Ya zauna tare da shi a Degel, ya bi shi yawon wa'azi. Sunansa bai yi tashe wajen wallafa littattafai kamar na Abdullahi da Muhammadu Bello ba, bai kuma yi tashe a fagen fama kamar na Aliyu Jedo ba. Yaranmu na makaranta suna iya lissafa masu tuta ɗaya bayan ɗaya, amma da wuya ka sami wanda ya taɓa jin sunan Alkammu. Ni kuwa a ganina, in ba ka san irin wannan mutum ba, ba za ka gane yadda jama'a take kafuwa ba. Saurayi ɗan shekara 20 da ya tashi yana gaya wa dattawa su bar al'adun da suka gada, kafin ya sami almajirai dubu yana bukatar mutum ɗaya wanda zai gaskata shi tun ba kowa, ya kwana da shi a daji, ya ji abin da ba ya iya faɗa a gaban taro.

Wannan kuwa sunna ce da ta gabata. Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, yana da Sayyidina Abubakar tun kafin aike. Abubakar ɗan kasuwa ne, mai cinikin tufafi, mutane suna son zama wurinsa saboda sanin nasaba da kyawun hali. Da ya musulunta, abokan zamansa ya fara jawowa: Usmanu ɗan Affan, da Zubairu, da Abdurrahmani ɗan Aufu, da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, da Ɗalhatu. Dukansu biyar suna cikin goman nan da aka yi wa bushara da Aljanna. Ku duba fa, 'yan'uwa 'yan kasuwa, majalisar ɗan kasuwa guda ce ta fitar da waɗannan. Bayan hijira zuwa Madina a shekarar 622, Manzon Allah ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansaru, mutum da mutum. Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi wa Abdurrahmani ɗan Aufu tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya yi masa addu'ar albarka, ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa kurum, bai kuma daɗe ba ya tsaya da ƙafarsa har ya yi aure. Mutanen Degel sun san wannan tarihi ciki da bai, da shi suke auna kansu.

Yadda zaman Degel yake

Degel ba birni ba ne, ba ganuwa, ba fada. Ƙauye ne na malamai da makiyaya. Amma mutane suka dinga tahowa daga gabas da yamma, Filani da Hausawa da Buzaye, wani ya yi wata ɗaya ya koma, wani ya kafa bukka ya zauna ke nan. Shehu kuma bai zauna wuri ɗaya yana jiran a zo ba. Ya shiga Kabi, ya yi kusan shekara biyar a ƙasar Zamfara yana wa'azi, yana yi wa mutane bayani da Fillanci da Hausa, yana tsara musu hukunce-hukunce cikin waƙa domin wanda ba ya karatu ya hardace.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya siffanta mana majalisin mahaifinsa a cikin Infaƙul Maisuri, kuma akwai abu guda a ciki da ya kamata duk mai tara mutane ya riƙe. Bello ya lura cewa idan Shehu zai fito wurin jama'a, yakan ɗan tsaya tukuna shi kaɗai, ya yi wata magana a ɓoye, sa'an nan ya fito. Da ya tambaye shi, sai Shehu ya bayyana masa cewa niyyarsa yake sabuntawa, yana yi wa Allah alkawarin ikhlasi cikin abin da zai faɗa. In ya iso kuwa sai ya yi sallama da sakin fuska. Cikin masu sauraro akwai marasa ladabi, masu katse magana da tambaya, amma ba ya fushi, yakan tsaya ya amsa. Mutumin da ya riga ya yi suna a ƙasa duka, kullum sai ya binciki zuciyarsa kafin ya buɗe baki a gaban manoma da makiyaya.

Abin da ya sa zaman ya yaɗu, bai tsaya ga mutum ɗaya ba, shi ne ƙa'idar da Shehu ya kafa a cikin Ihya'us Sunna da wasu littattafansa, cewa koyarwa ba aikin manyan malamai kaɗai ba ne. Duk wanda ya san mas'ala ɗaya, ko da sharuɗɗan salla ne, wajibi ne ya sanar da wanda bai sani ba, ya fara da iyalinsa, sa'an nan maƙwabta, sa'an nan na nesa. Saboda haka almajirin da ya yi shekara biyu a Degel ya zama malamin wanda ya zo jiya, in ya koma garinsu kuma ya buɗe nasa zaure. Kowa yana da na sama da shi da yake ɗauka a wurinsa, da na ƙasa da shi da yake ɗauke da nauyinsa. Kada kuma a ɗauka mata an bar su a baya, domin Shehu ya yi kakkausar magana a kan malaman da suke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, kuma 'yarsa Nana Asma'u ita ta kafa tsarin 'Yan Taru daga baya. Amma wannan zance ne mai zaman kansa, sai wani mako in Allah Ya kai mu.

Wani abin da yake burge ni shi ne littafin Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, Raudul Jinan. A cikinsa bai tsaya ga labarin Shehu kaɗai ba, sai da ya bi mutanen da suke kewaye da shi ya rubuta sunayensu, har da ladanai da masu kwafar littattafai da masu hidima. Mutanen da suka ga ya dace a adana sunan ladan kamar yadda ake adana sunan sarkin yaƙi, lalle sun san darajar junansu. An kuma ruwaito cewa Shehu yakan tufka igiya ya sayar ya ci daga guminsa, bai ɗora cikinsa a kan almajirai ba.

Ranar da aka fara ganin ƙarfin wannan zama ita ce ranar Babbar Salla a Magami, wajen 1788, lokacin da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa ya yi musu kyauta. Shehu ya ƙi karɓar zinariyar da aka ba shi, ya ce a maimakonta yana neman abu biyar: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama duk mai rawani, a saki waɗanda aka ɗaure, kuma a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Bawa ya amince da su duka. Ma'aikacin Gwamnati ya tsaya nan ya yi tunani. Rana ɗaya ce mutum yakan sami kunnen mai iko irin wannan, kuma abin da ya roƙa a ranar shi yake nuna ko su wane ne a zuciyarsa. Da yawa cikinmu, in an ce mu faɗi bukata biyar, ƙarin girma da fili da kujerar Makka za su cinye uku kafin mu tuna da yaran da suke ƙarƙashinmu a ofis.

Ranar tsanani

Bayan Bawa al'amura suka canza. Sarki Nafata ya kafa doka cewa ban da Shehu kada kowa ya yi wa'azi, wanda bai gaji Musulunci ba ya koma addinin ubansa, maza su daina naɗa rawani, mata su daina lulluɓi. Ku lura da dokar farko. Nafata ya gane cewa ƙarfin Jama'a yana ga ɗaruruwan almajiran nan da kowannensu ya zama malami a ƙauyensu, shi ya sa ya bar Shehu ya nufi su. Da Yunfa ya hau, aka kai hari Gimbana, inda Malam Abdussalami, wani babban almajirin Shehu daga cikin Arawa, yake zaune da mutanensa. Aka biyo da kamammu ta kusa da Degel, mutanen Shehu suka kwance su. Daga nan ba sauran zama. Yunfa ya aiko cewa Shehu ya fita da iyalinsa kaɗai ya bar sauran, Shehu ya ƙi rabuwa da jama'arsa. A watan Fabrairu na 1804 aka yi hijira zuwa Gudu, wani malamin Buzaye mai suna Agali da Aliyu Jedo suna cikin waɗanda suka taimaka wajen kwashe mutane da littattafai.

A Gudu aka yi wa Shehu mubaya'a. Wanda ya fara miƙa hannu Abdullahi ne, sai Bello, na uku kuwa Umaru Alkammu. Ƙane, da ɗa, da aboki. Da aka fara yaƙi kuma aka zo rabon ayyuka, aikin da ya faɗo wa Alkammu shi ne ma'aji, watau tsare ganima har a raba ta bisa Shari'a. Wanda bai taɓa riƙe kuɗin jama'a ba zai ɗauka ƙaramin aiki ne. A tuna fa mutanen nan sun bar gonakinsu da rumbunansu, yunwa tana cinsu, kowa yana ganin shi ya fi shan wuya. Wanda zai tsaya tsakanin mayunwata da dukiya, ya hana na kusa da shi, ya ba wanda ba ya so haƙƙinsa, ba a yi masa kirari, sai dai a yi masa gunaguni. Shehu bai saka wa amininsa da gari ko tuta ba, sai ya ɗora masa aikin da ya fi kowane jawo baƙin jini, domin shekara da shekaru ya san hannunsa. Mu kuwa yau in abokinmu ya sami muƙami, abin da muke jira shi ne a ba mu inda ake lasa.

An yi nasara a Tabkin Kwatto cikin watan Yuni na 1804, amma kafin shekarar ta ƙare aka yi Tsuntsuwa, inda Musulmi wajen 2,000 suka yi shahada, 200 daga cikinsu mahardata Alƙur'ani. Idan mai karatu ya tuna yawan shekarun da ake yi kafin yaro ɗaya ya hardace, da yawan tuwon da matan Degel suka tuƙa, da daren da aka raba ana bita a gindin wuta, zai san abin da aka binne a wannan rana.

Ranar samu

Tsanani bai raba Jama'a ba. Abin da ya girgiza ta shi ne nasara, kuma ba zan ɓoye wannan ba don girman waɗanda abin ya shafa, tun da su da kansu suka rubuta shi domin mu karanta. Tun kafin a ci Alkalawa a 1808, Malam Abdullahi ya duba ya ga yawancin abokan da aka yi zaman Degel da su sun yi shahada, waɗanda suka cika sahu kuma da yawansu hankalinsu yana ga dawaki da tufafi da mulkin garuruwa. Abin ya dame shi har ya bar rundunar a wajen 1807, ya nufi gabas da niyyar tafiya Makka da Madina. Ya bayyana wannan baƙin ciki a cikin Tazyinul Waraƙati. Da ya iso Kano, mutanenta suka tsayar da shi, ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda ake mulki bisa Shari'a, daga bisani ya koma wurin ɗan'uwansa. Ban san wata shaida da ta fi wannan nuna lafiyar jama'a ba, a ce na biyu a cikinta ya soki abin da ta zama a rubuce, ya yi fushi ya tafi, ya dawo, kuma a ci gaba da kwafar littafin da ya yi sukar a ciki.

Na Abdussalami bai ƙare da daɗi haka ba. Mutumin da saboda mutanensa aka yi hijira, ya ga rabon da aka ba shi bayan nasara bai kai matsayinsa ba. Ya zauna a Kware yana jin an tauye shi, aka yi ta musayar takardu tsakaninsa da Bello, wanda ya adana labarin a cikin Sardul Kalami. Bayan rasuwar Shehu a 1817 abin ya kai ga yaƙi, aka ci Kware a farkon 1818, Abdussalami ya rasu a Bakura da raunin da ya samu. Ba ni da matsayin yin hukunci tsakanin waɗannan bayin Allah. Abin da na ɗauka kurum shi ne, mutanen da suka ci tuwo a akushi ɗaya lokacin babu, rabon samu yana iya sa su zare wa juna takobi, kuma ƙorafin da aka bari ya kwana shekaru ba a zauna an kashe shi ba, ba ya mutuwa da kansa. 'Yan kasuwar da suka haɗa jari tun suna talla, suka rabu a gaban alƙali bayan sun yi kantuna, sun san abin da nake faɗi.

Har tsakanin Abdullahi da Bello ma an sami 'yar tsama a kan gadon Shehu, Abdullahi ya koma Gwandu, aka yi 'yan shekaru ba a haɗu ba. Da mutanen Kalambaina suka tsananta wa Abdullahi, sai Bello ya taho da runduna ya taimake shi. Bayan an ci garin suka haɗu a kan dawaki. Bello ya yunƙura zai sauka ya gai da baffansa, Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi da gaisuwar Sarkin Musulmi. Daga nan kuma Abdullahi ya sakar wa Giɗaɗo wazirci. Shi Giɗaɗon nan aminin Bello ne tun suna samari, kamar yadda Alkammu yake ga Shehu, shi ne kuma mijin Nana Asma'u. Watau abota ta biyu ta tsiro a inuwar ta farko, kuma ita ta riƙe daular shekara 20 na mulkin Bello. Baturen nan Clapperton, da ya zo Sakkwato a 1824, a hannun Giɗaɗo ya sauka.

Rabon ƙasar Zazzau

Mutanen Kudan da Makarfi da Ikara suna da rabo a cikin wannan labari, domin ƙasarsu ƙasar Zazzau ce, kuma wanda ya kawo tutar Shehu Zazzau, Malam Musa, almajirin wannan zama ne. Bai zo shi kaɗai ba, yana tare da Yamusa da Malam Abdulkarimu. Sarki Makau ya fita ya yi kudu wajen Zuba. Malam Musa ya naɗa Yamusa Madaki, ya yi sarauta har 1821. Da ya rasu, ba ɗansa ne ya gaje shi ba, Yamusa ne, har 1834, sa'an nan Abdulkarimu har 1846. Abokan tafiya uku, ɗaya bayan ɗaya. Daga gare su aka sami gidajen Mallawa da Barebari da Katsinawa, Sulluɓawa suka zama na huɗu. Gaskiya ne jikoki sun yi ta takara a tsakaninsu, kamar yadda aka saba a gidan sarauta, amma tsarin ya rayu: Sarki Shehu Idris na gidan Katsinawa ya yi mulki daga 1975 zuwa 2020, Sarki Ahmed Nuhu Bamalli na gidan Mallawa ya gaje shi.

To, mu dawo kanmu. Majalisa ba ta yi mana ƙaranci ba. Kowace unguwa akwai benci a gindin bishiya, kowane ofis akwai inda ake taruwa bayan Azahar, kowace kasuwa akwai rumfar da ake shan shayi. Abota ma muna da ita, wasu tun daga firamare. Abin tambaya shi ne, wa ya ƙaru da ita ban da mu? Akwai majalisar da aka shekara 20 ana zama, ba a taɓa buɗa ko Ahalari a cikinta ba, ba a taɓa tambayar yaron da yake kawo shayi ko ɗan wane ne ba, sai zancen siyasa da naman waɗanda ba sa nan. Samari kuwa suna can gefe da tasu majalisar, ba mai leƙa su sai ranar da ɗaya ya faɗa shaye-shaye, sa'an nan a ce yaran zamani sun lalace.

A kasuwa muna da gadon da ya yi kama da na Degel, watau maigida ya ɗauki yaro, ya koya masa ciniki, ya yi masa aure, ya yanka masa jari ya sallame shi, shi ma ya je ya ɗauki wani. Manyan attajiran Kano da Zariya da yawa ta haka suka tashi. Amma yanzu sai ka ga yaro ya yi shekara 15 a kanti, gemunsa ya fara furfura, maigida bai taɓa zancen sallama ba, don yana tsoron kada ya zama kishiyarsa a layi. A ofis kuma babban ma'aikaci yakan ɓoye wa na ƙasa da shi sanin aiki, kada a ce an iya ba da shi ba, har ya yi ritaya ya tafi da abin da ya sani. Wanda ya san mas'ala ɗaya ya koyar da ita, in ji ƙa'idar Shehu, kuma ban ga dalilin da zai sa rubuta takardar ofis ko gane yadi mai kyau su fita daga cikin wannan ba, muddin da su ne Musulmi zai ci halaliyarsa. Abin da tsofaffin nan biyu na Taba suka yi bai wuce wannan ba, ɗaya da littafinsa, ɗaya da aljihunsa da ƙafarsa. Abin da nake jiye wa zauren shi ne abin da ya sami Abdullahi, ranar da za a duba a ga waɗanda aka fara da su ba sa nan. Na tambayi akawun nan na Kaduna ko cikinsu akwai wanda zai zauna inda marigayin yake zama, ya yi shiru, sa'an nan ya ce aiki ya yi musu yawa.

Shi kuwa Umaru Alkammu, abotarsa da Shehu ta zama zumunta. 'Yarsa A'ishatu ta auri Muhammadu Bello, ta kuma zama babbar aminiyar Nana Asma'u, har da ta rasu Asma'u ta yi mata marsiyya. Zuriyarsa su ne Alkammawa, akwai unguwa mai sunansu a birnin Sakkwato, kuma a gidansu sarautar Magajin Rafi take. Ya riga Shehu rasuwa, aka binne shi a ƙasar Zamfara. Bayan Shehu ya rasu a Sakkwato a 1817, Bello ya sa aka ɗauko shi daga can, aka sake binne shi kusa da amininsa. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya, amin.